Waya A Hannun Mara Gata

'Ya'yana da jikokina, maza da mata. Ku matso kusa. Maganar da zan yi da ku yau mai nauyi ce a baki, irin wadda manya kan kauce mata. Sai dai abin da babba ya ƙi gaya wa yaro a tsakar gida, waya za ta gaya masa a ƙuryar ɗaki, ita kuwa ba ta san kunya ba, ba ta san tausayi ba. Gara ku ji daga bakina. Magana ce a kan wasu bayin Allah da duniya ta tura can gefe, da abin da wayar salula ta jawo musu na alheri da na sharri, da kuma nauyin da ya hau kanku, ku da kuke kwana da waya ku tashi da ita.

Bari in fara kai ku nesa, domin sau da yawa mutum ya fi ganin gaskiya idan a gidan wani take. A Indiya da Bangaladash akwai mutanen da ake kira hijra, a Pakistan kuma khwaja sira. Mafi yawansu an haife su da halittar maza, suka tashi suna jin kansu mata, suna sa tufafin mata, suna amsa sunan mata. Kaɗan daga cikinsu mata-maza ne tun haihuwa. Da yawa tun ba su gama girma ba ake korarsu daga gida, ko duka da gori su sa su gudu da ƙafarsu. Sai su faɗa hannun wata babba da suke kira guru, ta ba su wurin kwana, su kuma su riƙa kawo mata kaso daga abin da suka samo. Hanyoyin cin abincinsu uku ne tun da daɗewa: zuwa gidan haihuwa ko na biki su yi waƙa da rawa da fatan alheri a ba su tukuici, sai bara a mahaɗar titi da cikin jirgin ƙasa, sai ta ukun wadda ta fi kowacce haɗari, wato karuwanci.

Wahalarsu tsohuwa ce. A shekarar 1871 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka kafa dokar da ta sa 'yan sanda su rubuta sunayensu a rajista, aka hana su rawa da shigar mata a bainar jama'a. Ku riƙe wannan a ranku: tun kafin a san kwamfuta, tattara sunayen marasa gata a hannun wanda ba ya ƙaunarsu yana iya zama sanadin halakarsu. Ƙidayar jama'ar Indiya ta 2011 ta lissafa mutum kimanin 488,000 da ba su shiga layin maza ko na mata ba. A watan Afrilun 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da su a matsayin jinsi na uku, ta ce suna da duk haƙƙin da ɗan ƙasa yake da shi. Bangaladash ta riga ta yin haka a 2013, Pakistan kuma ta yi tata dokar a 2018. To amma hukuncin kotu ba ya sa mai gida ya ba ka hayar ɗaki. A 2017 kamfanin jirgin ƙasa na cikin birnin Kochi a jihar Kerala ya ɗauki 23 daga cikinsu aiki, aka yi ta murna. Ba a jima ba da dama suka ajiye aikin, saboda sun rasa mai ba su haya a kuɗin da albashinsu zai iya ɗauka.

Kada ku ɗauka ina ƙawata muku karuwanci, 'ya'yana. Hukuncinsa a addininmu sananne ne, ni kuwa ba zan canza muku shi ba. Abin da nake so ku gani shi ne yadda mutum ke isa can. An rufe masa ƙofar gida, an rufe ta makaranta, an rufe ta aiki, sai guda ɗaya aka bar masa a buɗe, sannan aka dawo ana jifansa don ya shiga ta. Wanda ya san haka, ko bai yarda da aikin ba, ba zai rasa tausayin mai aikin ba.

Shekarar 2016 ce ta juya rayuwar talakan Indiya. A cikinta kamfanin Jio ya karya farashin data har mai turin baro ya samu shiga intanet. A cikinta aka fito da tsarin UPI, wanda ke tura kuɗi daga asusu zuwa asusu ta waya nan take. A cikinta kuma, daren 8 ga Nuwamba, gwamnati ta soke takardun rupi 500 da 1,000, waɗanda su ne kusan kashi 86 cikin 100 na darajar kuɗin da ke hannun jama'a. Ku da kuka ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kun san yadda wannan yake ji a jiki. Mai asusun banki ya bi layi ya canza nasa. Wadda duk abin da ta tara yana ƙulle a ƙarƙashin katifa, ba ta da katin shaida balle asusu, ita ce ta kwana da kuka.

Yanzu ku dubi mahaɗar titi a Delhi ko Mumbai. Danja ta nuna ja, motoci sun tsaya. Sai ga ɗaya daga cikinsu cikin sari mai haske, ta yi tafin nan nasu na musamman, hannu a buɗe yana ba da ƙara mai kauri, ta miƙa hannu wajen direba ta yi masa fatan alheri. Ya ce ba shi da canji. A da, nan maganar ta ƙare. Yau wasunsu sai su juyo da fuskar waya ko wani ɗan kati mai tambarin murabba'i, direba ya haska shi da tasa wayar, rupi goma ya shiga asusu kafin danja ta saki. Wannan ɗan abin da kuke gani ba ƙarami ba ne. Kuɗin da ke cikin asusu ɗan daba ba ya fizge shi a lungu, mai lalube jaka ba ya samunsa, guru ma ba ta san adadinsa ba. Daga nan ake fara tari, daga tari ake sayen keken ɗinki ko kayan kwalliyar amare, daga nan kuma mutum ke fara hango ranar da zai bar titi.

Sai maganar tsaron rai, wadda ta fi ta kuɗi. Mai tsayuwa a bakin titi da tsakar dare ba ta san wanda ya tsayar da mota ba, kuma shi ya san idan ya cuce ta babu inda za ta kai ƙara a saurare ta. Tun 1986 masu wannan sana'a a jihar Biktoriya ta Ostireliya suka fara rubuta kamannin mugayen mutane a takarda suna raba wa junansu, tsarin da ake kira Ugly Mugs. A 2012 aka kafa irinsa na ƙasa baki ɗaya a Birtaniya, gargaɗin yana isowa ta saƙon waya. Abin da waɗancan suka yi da ƙungiya mai ofis, matalauta suna yinsa da zauren WhatsApp. Kafin ta shiga mota, ta tura wa ƙawarta lambar motar. Ta kunna abin nan da ke nuna inda mutum yake a taswira. Sun yi alkawari, idan lokaci kaza ya yi ba ta kira ba, a tashi nemanta. Wadda ba ta iya rubutu ba ta danna ta yi magana da murya. Mugun da ya daki ɗaya a daren jiya, kafin azahar duk unguwa ta san lambar wayarsa. Rayuka sun tsira da wannan.

Annobar korona ta ƙara fito da abin fili. Ranar 24 ga Maris 2020 aka sanar da kulle Indiya gaba ɗaya, aka ba mutane awa huɗu kacal. Biki ya tsaya, jirgin ƙasa ya tsaya, titi ya zama fayau, duk hanyoyin cin abincin nan uku suka yanke a dare ɗaya. Gwamnati ta ware wa kowannensu tallafin rupi 1,500, amma sai an cike fom a intanet, kuɗin kuma ta asusun banki yake zuwa. Mai waya da asusu da wanda zai cike mata fom ta samu. Wadda ba ta da su ta zauna da yunwa, har sai da Kotun Ƙoli a watan Satumba na shekarar ta umarci jihohi su ba masu zaman kansu hatsi ba tare da neman katin shaida ba. A watan Nuwamba aka buɗe shafin gwamnati inda mutum zai nemi takardar shaidar jinsinsa ta waya, ba sai ya je ya tsaya gaban tebur ana kallonsa ana ƙus-ƙus ba. A watan Mayun 2022 kotun ta sake umartar a ba masu wannan sana'a katin ɗan ƙasa na Aadhaar ko ba su da shaidar adireshi, a kuma ɓoye sirrinsu, ta kuma ce kada 'yan jarida su riƙa bayyana fuskokinsu da sunayensu idan an kai samame. Ku lura da wannan na ƙarshen. Alƙalai ne suka gane cewa kyamara tana iya yi wa mutum ɓarnar da sanda ba ta yi masa ba.

Nan ne zan juya muku ɗaya fuskar. Wayar da ke kiran ƙawa ita ce ke kiran azzalumi. A watan Fabrairun 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan Masar da Iraƙi da Jodan da Lebanon da Tunisiya, ta nuna yadda ake buɗe asusun ƙarya a manhajoji, a yaudari irin waɗannan mutane su fito, a kama su, a ƙwace waya a tilasta musu buɗewa, a mai da hotunansu da hirarrakinsu hujja a kansu. Ɓarayi ma sun koyi dabarar: a ɗauki hoton mutum a ɓoye, a ce ko ya biya ko a tura wa mahaifiyarsa. Ya biya yau, gobe a dawo. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da wuri. Ma'aikatan lafiya masu yaƙi da cutar ƙanjamau a da sun san inda za su same su, su kai musu gwaji da magani. Da ciniki ya koma cikin waya, kowa ya shige ɗakinsa, samunsu ya yi wuya. Sannan wadda ba ta yi karatu ba dole ta ba wani lambar sirrinta ya cire mata kuɗi, wanda ya riƙe lambar kuwa shi ne mai asusun.

Ashe waya ita kaɗai ba ta ɗaga kowa. Inda ta yi amfani, za ku tarar akwai abu uku a bayanta: takardar shaida da sunan mutum, ɗan ilimin da zai karanta abin da yake dannawa, da jama'ar da za ta amsa idan ya kira. Ku dubi unguwar Sonagachi a birnin Kolkata. A 1995 masu zaman kansu na can, har da masu shigar mata a cikinsu, suka kafa ƙungiyar Durbar, a shekarar kuma aka kafa Usha, asusun haɗin gwiwa na kansu, saboda bankuna ba sa karɓarsu, masu ba da bashi da ruwa kuma suna shan jininsu. Shekaru kafin wayar zamani ta iso, sun riga sun koyi tari da riƙon amanar juna. Da ta iso sai ta tarar da gini ta hau kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kada ku zaci abin duniya kaɗai suke nema. A watan Nuwamban 2020 wasu malamai a birnin Dhaka suka buɗe wa hijra makarantar Islamiyya, manya da furfura suka zauna suna koyon Alƙur'ani da aka hana su tun suna yara. A Pakistan ɗaya daga cikinsu, Marvia Malik, ta fara karanta labarai a talabijin a 2018, a Bangaladash Tashnuva Anan Shishir ta yi haka a 2021. Duk inda aka buɗe wata ƙofa ta halal, an samu masu shiga.

To mu dawo gida, domin mu ma muna da namu. 'Yan daudu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tarihinsu daban da na hijra, amma gefen da aka tura su iri ɗaya ne. Kun san su a tasha da bakin kasuwa suna tuƙa tuwo da suyar kaji, kun san su a wajen girkin biki, kun kuma san wasunsu sun faɗa gidajen mata masu zaman kansu. Su ma yanzu da waya suke samun odar abinci, da ita ake turo musu kuɗi, da ita kuma ake farautarsu. A kudancin Najeriya har suna aka sa wa wannan farauta ta yaudara da ƙwace, ana ce mata kito. A watan Agustan 2024 aka tsinci gawar wanda aka sani a TikTok da sunan Abuja Area Mama a gefen titi a Abuja. Rai ne aka ɗauke, babu alƙali, babu shaida, babu hukunci.

Ga nasihata, ku riƙe ta da kyau.

Idan kuka ga an taru a kan wani ana duka ko ana tozarta shi, kada hannunku ya tafi aljihu neman kyamara. In kuna da ikon rabawa ku raba, in ba ku da shi ku kira wanda zai iya. Idan kuma bidiyon ya iso wayarku daga wani, ya mutu a wajenku. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, bidiyo kuwa ya fi magana wuyar mayarwa. Wanda ke cikinsa yana da uwa, yana da ƙanne mata da za a yi wa gori ranar neman aurensu. Ko ya tuba bayan shekara goma, hoton yana nan yana jiransa. Ku tuna shari'ar da ta haramta zina ita ce ta ce sai da shaidu huɗu, ta kuma tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi. Suratul Hujurati ta hana mu izgili da laƙabin ɓatanci da bin diddigin sirrin mutane da giba. Addini ya tsananta hanyar tona asiri da gangan, waya ta sauƙaƙe ta har ta koma danna yatsa ɗaya. Kada sauƙin ya ruɗe ku ku zaci nauyin ya ragu.

Ku masu sana'a, amana ce a hannunku. Kai ɗana mai gyaran waya, an kawo maka ita fuskarta a fashe, an ba ka lambar buɗewa don ka gwada. Canza gilashin, gwada taɓawa, kulle ta ka miƙa. Ɗakin hotuna ba aikinka ba ne. Ke 'yata mai POS, wanda ya zo cire kuɗi da gyale a kafaɗa da murya irin ta maza, kuɗinsa ɗaya da na kowa. Juya fuskarki idan zai sa lambar sirri, ki ba shi rasit, ki yi masa sallama kamar kowa. Kai ma'aikacin asibiti, abin da ka gani a kati ya tsaya a kati. Ku kuma da Allah ya ba ilimin rubuta manhaja, ku tuna da rajistar 1871. Kada ku tara bayanin mutane fiye da buƙata, abin da kuka tara ku kulle shi, ku sa murya da harshen gida don wanda bai yi boko ba ya iya amfani da abinku ba tare da ya miƙa wa wani sirrinsa ba.

Duk wanda ya gayyace ku ku yaudari wani ta waya, a tsare shi a karɓe masa kuɗi da sunan gyaran tarbiyya, ku sani fashi ya gayyace ku. Laifin wanda aka yi wa fashi ba ya halatta kuɗinsa. Wanda ya fara da wanda ba shi da mai tsaya masa, gobe zai wuce kan wanda yake da shi.

In kuma kun iya, ku koyar. Minti kaɗan ya isa ka nuna wa mai sayar da abinci a tasha yadda ake sa wa waya makulli, yadda ake kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, da cewa lambar da banki ya turo ba a karanta wa kowa ita ko da ya ce daga banki yake kira. Ba sai ka bincika rayuwarsa ba kafin ka yi masa wannan alheri. An ruwaito a Bukhari da Muslim labarin wata mai zaman kanta da ta ga kare zai mutu da ƙishirwa, ta cire takalminta ta ɗebo masa ruwa a rijiya, Allah ya gafarta mata saboda haka. Idan rahamar Ubangiji ta isa gare ta ta dalilin kare, wane ne ni, wane ne kai, da za mu yanke wa wani bawa ƙauna?

Kai kuma ɗana, ko ke 'yata, da wannan magana ta taɓa ka kai tsaye, wanda rayuwa ta kai inda bai so ba, da kai nake yanzu. Ranka yana da daraja. Kada ka je wurin wanda ba ka sani ba sai wani amintacce ya san inda kake. Kada ka tura hoton da zai zama igiya a wuyanka. Lambar sirrinka taka ce kai kaɗai. Je asibiti a gwada ka, maganin ƙanjamau kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, kuma mai shansa a kan ƙa'ida yana rayuwa mai tsawo. Ka buɗe asusu da sunanka, ka riƙa ajiye wani abu komai ƙanƙantarsa. Wayar da ke hannunka tana koyar da ɗinki da girki da lalle da lissafin kasuwanci, ka ba su wani kaso na datarka. Ka nemi hanyar fita a hankali, da shiri. Ƙofar Allah kuwa ba a taɓa rufe ta ga mai numfashi ba.

Ku da za ku zama iyaye gobe, idan Allah ya jarrabe ku da yaron da kuka kasa gane kansa, ku yi nasiha, ku yi addu'a, ku yi haƙuri, amma kada ku kore shi. Duk labarin da na ba ku daga Delhi har Dhaka daga kora ya faro. Yaron da aka kora bai daina zama abin da yake ba, gata kawai ya rasa, titi kuwa ba ya renon kowa da alheri.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa mu zama masu rufa na wasu. Allah ya shiryi 'ya'yanmu, ya buɗe wa duk wanda ke cikin ƙunci hanyar halal. Allah ya sa abin da yatsunku ke dannawa ya zama hujja a gare ku ranar hisabi, kada ya zama hujja a kanku. Allah ya yi muku albarka. Amin.